Hukuncin Sa Rigar Dina Mai Ɗinkin Girkawa da Rumawan Dā

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sayi doguwar riga ta gwanjo don dinar bikin ƙanwata, mai tattara tun daga ƙirji har ƙasa, kafaɗa ɗaya a buɗe. An ce ɗinkin matan Girka da Rum ne na zamanin bautar gumaka. Ya halatta in sa?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, asalin tufafi halal ne sai abin da dalili ya hana. Hadisin Ibn Umar da Abu Dawud ya ruwaito, cewa wanda ya yi kama da wasu mutane yana cikinsu, malamai sun ɗora shi a kan abin da ya zama alamar addininsu ko ya keɓanta da su. Mugira ɗan Shu'uba ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya sa jabba ta Rumawa mai ƙuntataccen hannu, alhali Rumawa Kiristoci ne a lokacin. Ɗinkin rigarki kuwa ya daɗe da fita hannun masu shi. Matan Faransa sun yi yayinsa a zamanin Napoleon, wata mai ɗinki a Paris, Madame Grès, ta sake farfaɗo da shi a shekarun 1930. Yau ba wanda zai gan ki da ita ya ce ga mai bautar gunki.

Matsalar tana jikin rigar. Irin wannan yadi yakan kwanta a jiki, wani ma shara-shara ne. Da Usama ɗan Zaid ya ba matarsa wani yadin Masar, Annabi (SAW) ya ce ta sa wata riga a ciki, don gudun kada ya siffanta jikinta. Ga kuma kafaɗa a waje. Abin mamaki, matar aure a Rum ɗin kanta takan yafa mayafi har ka idan za ta fita. Masu kwaikwayon ne suka yar da mayafin.

Don haka a gaban mijinki ki sa ta yadda take, ko da ta alharini ce, domin alharini halal ne ga mata. A zaman mata zalla ma babu laifi idan an yi mata shafi. Amma dina irin ta yanzu, da abokan ango da masu ɗaukar hoto, kafin gari ya waye bidiyon yana Instagram, bai halatta ki shiga da ita haka ba. Ki kai wa tela ya sa hannu da shafi mai kauri, ki ɗora mayafi wadatacce. In akwai zanen gumakansu a jikin yadin, ki bar ta gaba ɗaya.

Wallahu a'alam.