Ina zan ga wuraren da aka ɗauki fina-finan Japan?

Ɗan'uwa, ka tambayi inda za ka fara in ka sauka Tokiyo. Ni dai shawarata, hau jirgin ƙasa zuwa Shibamata, unguwar Tora-san, jarumin fina-finan "Otoko wa Tsurai yo" da aka fara a 1969. Mutum-mutuminsa na nan a bakin tasha, titin da ya nufi wurin bautar Taishakuten kuwa cike yake da tsofaffin shaguna. Na fi son nan a kan shahararriyar mahaɗar titunan Shibuya da ke tsakiyar Tokiyo, saboda cunkoson da ke can.

In da hali, wuce Onomichi a yankin Hiroshima, inda darakta Yasujiro Ozu ya ɗauki wani ɓangare na fim ɗinsa "Tokyo Story" na 1953. Garin kan tudu yake, sai ka shirya hawan matakala. Lungunan kuma gidajen mutane ne, don Allah kar ka ɗauki hoton kowa ba izini.