Shafin makaranta ya ƙi kalmar sirrina, an ce wai ni ce nake mantawa

Assalamu alaikum Anti. Ni malama ce a wata makarantar kuɗi a Zariya, shekarata tara ina koyarwa. Bana aka kawo tsarin shigar da makin jarrabawa ta intanet. Kowa ya shiga, ni kaɗai shafin ya ƙi. In sa sunana, in sa kalmar sirri, ya ce ba daidai ba. Sau huɗu yaron da ke kula da kwamfutoci yana ba ni damar sake sabuwa. Shafin ya karɓa lafiya lau, in dawo shiga a wayar nan tawa, ya ƙi. A gaban malamai ya ce, "Malama, ke ce dai kike mantawa." Ni zan manta? Ɗanwake ne fa, lambobin baya kawai nake canzawa. Yaron da na girme wa nesa ba kusa ba! Shugaba ta kira ni ofis, iyaye na ta waya, takardun kuwa suna jakata a gyare tun Litinin. Tun ranar da na yi masa faɗan zuwa a makare yake ɗaure min fuska, kuma zuciyata na ba ni shi ya toshe ni. Wai ni ce nake mantawa, Anti. In kai ƙararsa ne?

Wata malama, Zariya

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Ban ji ta bakin yaron ba, don haka ba zan yanke masa hukunci ba. Amma ki ajiye zargin nan, wanda ya toshe ki ba zai sake miki kalma har sau huɗu ba.

Ni inda na tsaya shi ne ɗanwaken nan. In da "ɗ" mai lanƙwasa kike rubuta shi, to ga matsalar. Tsohon tsarin haruffan kwamfuta, ASCII, da aka fitar a Amurka a 1963, alamomi 128 ne kacal, babu ƙ, ɗ, ɓ ko ƴ a ciki. Sabon tsari, UTF-8, wanda ya zo a 1992, yana ɗauke da su, kowanne da bayit biyu maimakon ɗaya (bayit shi ne ma'aunin wurin da kwamfuta ke ajiye harafi). Idan shafin sake kalma yana karatu da wannan tsari, shafin shiga kuma da wani daban, sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafin, za ta ga kalmomi biyu mabambanta alhali ke abu ɗaya kika rubuta. Shi ya sa yake karɓa sannan ya ƙi.

Gobe ki zaɓi sabuwar kalma gaba ɗaya, doguwa, da haruffa marasa lanƙwasa, tunda kin riga kin faɗa wa duniya rabin tsohuwar. Ki shigar da makin yaranki. Sannan ki je wurin shugaba, ba da ƙara ba, ki nemi a sa wanda ya gina shafin ya mayar da ko'ina UTF-8. Shi kuma yaron, tun a karo na biyu ya kamata ya tambaye ki wane irin harafi kike sawa. Bai tambaya ba, ya kunyata ki a gaban abokan aiki, dole ya ba ki haƙuri a gabansu.

Ku kuma masu gina wa makarantunmu shafuka, ku ji tsoron Allah. A garin da ake rubuta ƙ da ɗ kullum, ku gwada su kafin ku miƙa aiki ku karɓi kuɗi. In shafinku ba ya ɗaukarsu, ku rubuta haka ɓaro-ɓaro a ƙasan akwatin kalmar sirri.