Ko in kai binciken da bai kammala ba gaban taro?

Tambaya: Malam, ina gaisuwa da fatan alheri. Ni ɗaliba ce a shekara ta biyu ta mastar a nan Damagaram, kuma kundina ya shafi yadda gidaje ke samun ruwan sha a unguwannin Birni da Garin Malam. Malamin da ke duba aikina ya ce in tura taƙaitaccen bayani zuwa taron gabatar da binciken ɗalibai, alhali rabin gidajen da na tsara kawai na zagaya. Ina tsoron in ji kunya a gaban manyan malamai, ina kuma tsoron wani ya kwashe aikina. Shin akwai amfanin da ya kai in shiga wannan wahala?

Daga wata ɗaliba, unguwar Birni, Zinder.

Amsa: Ɗiyata, ki tura bayanin, kuma rashin kammalar aikin shi ne babban dalilin da ya sa na ce ki tura. Ranar kare kundi, duk tambayar da ta gagare ki a gaban masu jarrabawa maki ne zai zube, kuma lokacin gyara ya wuce. Amma idan wannan tambayar ta same ki a taron ɗalibai, ba abin da za ki rasa sai ɗan gumi, sannan ki koma gida da watanni a hannu don toshe ɓarakar.

Ki ɗauki aikinki misali. Sanin kowa ne cewa Zinder na zaune kan dutse mai tauri wanda ba ya riƙe ruwa da yawa, shi ya sa ake jawo ruwan birnin daga wurare kamar Gogo Machaya, Arungouza da Ganaram. Saboda haka amsar da uwargida za ta ba ki a watan Agusta, ana tsakar damina, ba ita ce za ta ba ki a watan Afrilu ba, lokacin da famfo ke kwanaki bai kawo ba kuma kuɗin jarka a hannun masu kura ya tashi. Idan wani ɗalibin ilimin ƙasa ya ɗaga hannu ya tambaye ki a wane wata kika shiga gidajen, ya yi miki alherin da malaminki, wanda idonsa ya saba da aikin, zai iya mantawa. Haka kuma za a iya tambayar ki wa ya amsa miki, maigida ko matar da ke lissafin jarkoki kullum, domin a ganina nan ne binciken ruwa da dama ke tuntuɓe. Da yake sauran rabin gidajen na gabanki, kina da damar gyara takardar tambayoyinki kafin ki koma.

Amfani na biyu yana cikin ƙarancin lokaci. Galibi minti goma zuwa goma sha biyar ake ba mai jawabi, kuma ba za ki iya cusa shafi tamanin a ciki ba sai kin gano maganar da aikin ya tsayu a kanta. Akwai gasar da Jami'ar Queensland ta Ostireliya ta fara a 2008, inda ɗalibin dokta ke bayyana bincikensa cikin minti uku da hoto guda a allo, kuma daga 2012 aka soma yin ta da Faransanci a Kebek ta Kanada kafin ta bazu zuwa ƙasashen Afirka. Ki gwada irin wannan a gida, ki yi wa mahaifiyarki bayani da Hausa. Inda ta ce ba ta gane ba, mai yiwuwa ke ma ba ki gama ganewa ba, Faransanci ne kawai ya rufa miki asiri.

Game da kunya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo: ba wanda zai zauna a zauren da ya shiga gidajen nan kamar ke. Idan aka tambaye ki abin da ba ki bincika ba, ki ce ba ki kai nan ba tukuna, ki rubuta tambayar, ki yi godiya.

Tsoron sata kuwa yana da tushe, amma ɓoyewa ba ta maganinsa. Bayanin da aka buga da sunanki da kwanan wata a jadawalin taro, a gaban shaidu, ya fi kundin da ke kulle cikin kwamfuta kare ki. Abin da ba za ki yi ba shi ne raba ɗanyen bayanan da kika tattara ga duk wanda ya roƙa, ko nuna sunayen gidajen da suka amince da ke. Ki zauna da malaminki ku ware abin da za a faɗa da abin da zai jira wallafawa.

Kada kuma ki ɗora wa taron abin da ba nasa ba. Idan kina da burin dokta da koyarwa, ki sani cewa CAMES, hukumar da aka kafa a Yamai a 1968 wadda hedkwatarta ke Wagadugu, tana auna malaman jami'a musamman da abin da suka wallafa a mujallun ilimi, kuma jawabin taro bai kai maƙala nauyi ba. Sai dai daga irin wannan jawabi maƙala takan fito, a nan ne kuma malamin da zai karɓe ki a dokta zai iya fara jin sunanki. Ki yi hattara da gayyatar da ke zuwa ta intanet tana neman kuɗi masu yawa tare da alkawarin karɓar kowane bayani ba tantancewa. Ki fara da taron jami'arku ta André Salifou, ko na Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai idan akwai kuɗin mota.

Ranar jawabi ki tafi da taswirar unguwannin a bugge kan takarda, kwafi da yawa, domin idan wuta ta ɗauke ki raba wa mutane ki ci gaba da magana.