Daniel Boone: Maharbi ne ko Soja?

Tambaya: Malam, ina yawan jin sunan Daniel Boone a tarihin Amurka. Shin maharbi ne kawai ko ya taɓa yaƙi, kuma yaya iyalinsa suka kasance? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Malam, Boone ya haɗa duka biyun. An haife shi a Pennsylvania a 1734, ya auri Rebecca Bryan a 1756, Allah ya azurta su da 'ya'ya 10. A 1775 ya jagoranci sare hanyar da ta ratsa mashigar tsaunuka ta Cumberland zuwa Kentucky, inda ya kafa zangon Boonesborough, sai dai ƙasar ba kango ba ce kamar yadda ake yawan nunawa, domin dajin farautar 'yan asalin nahiyar ne, wato ƙabilar Shawnee da maƙwabtanta.

Iyalinsa ne suka fi ɗanɗana kuɗa. An kashe ɗansa James a 1773, aka sace 'yarsa Jemima a 1776, ya bi sawu da mutanensa har suka ƙwato ta. Shi kansa Shawnee sun kama shi a 1778, sarkinsu Blackfish ya mai da shi ɗa, amma bayan 'yan watanni ya sulale ya koma ya kare zangonsa. A yaƙin neman 'yancin Amurka hafsan dakarun sa-kai ne, kuma a gumurzun Blue Licks na 1782 aka kashe wani ɗan nasa, Israel.

Rigimar takardun fili da bashi suka raba shi da gonakinsa, ya yi ƙaura zuwa Missouri a 1799, a can ya rasu a 1820.