Kullutu a wuyan jariri: amsoshin tambayoyinku

Tunda sanyin Jos ya kankama yara suka hau mura, tambayar da tafi yawa itace ta kullutu a wuya. Ga guda huɗu na zaɓo.

Tambaya daga wata uwa a Anguwar Rogo: Assalamu alaikum likita, yarona wata 7, ina mishi wanka sai naji wani abu a ƙeyarsa da bayan kunne kamar ƙwayar wake, yana motsi in na taɓa, baya kuka kuma yana shan nono lafiya, amma ni wallahi na kasa bacci tunda na duba a waya naga ana cewa kansa ce.

Wa alaikumus salam maman yaro, ki kwantar da hankalinki. Abinda kika kwatanta kaluluwa ce, kowa yana da ita, aikinta tare ƙwayoyin cuta, sai dai ta yara tafi saurin tashi kuma wuyansu ba nama sosai shi yasa hannu ke jinta. Ki buɗe gashinsa ki duba da kyau, yawanci zaki ga ƙuraje ko makero ko cizon sauro da ya sosa, ko kuma mura ce da ciwon kunne suka tada ita. Takan yi makonni bata gama sauka ba ko bayan ya warke, toh dan Allah ki daina latsa wajen sau goma a rana, latsawar ma tana ƙara kumbura ta. Kansa a irin wannan ba kasafai bane. Abinda zai sa ki kawo shi shine in ta wuce santimita 2, ko tayi tauri bata motsi, ko ta fito can ƙasan wuya a ramin nan na kusa da kafaɗa, ko tayi wata ɗaya tana ƙaruwa maimakon raguwa.

Tambaya daga wani magidanci a Bukuru: Likita jaririyarmu kwananta 25, an sha wahalar haihuwarta, yanzu gefen wuyanta akwai abu mai tauri kuma kanta kullum a karkace yake. Hajiyarmu tace a kira wanzami ya tsaga.

Malam, kar ka bari aska ta kusanci wuyan nan. Manyan jijiyoyin jini suna nan ƙarƙashin fata kaɗan, ga haɗarin tetanas, kuma ko an tsaga ba abinda zai fito domin da alama ba ruwa bane ba mugunya ba, tsokar gefen wuya ce ta dunƙule. Yakan bayyana sati 2 zuwa 4 bayan haihuwa, musamman in haihuwar tazo da gardama. Ku kai ta asibiti a duba, sikanin zai tabbatar, sannan masu gashin ƙashi irin na asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo zasu koya wa mamanta yadda zata riƙa miƙar da wuyan a hankali. A gida ta riƙa shayar da ita ta ɓangare biyu, a kuma kwantar da ita yadda dole sai ta juyo ta wajen da bata so kafin taga mutane. Yawanci kafin shekara ya baje. Hajiya kuwa tausayi ne yasa ta faɗa, ka lallaɓa ta ku tafi asibitin tare taji da kunnenta, yafi ka tsaya musu da ita.

Tambaya daga Rikkos: Ɗana wata 2, wuyansa ya kumbura yayi ja da zafi, jikinsa ma zafi, na siyo Ampiclox a kemis.

Yau ɗin nan zaki kai shi, ba gobe ba. Jaririn da bai kai wata 3 ba in zafin jikinsa ya kai digiri 38 a ma'aunin Celsius asibiti ne kai tsaye, wataƙila mugunya ce ta taru sai an cire, kuma kar ki shafa mishi man zafi.

Tambaya daga Gangare: Yarinyata shekara 1 da rabi, kullutu uku ne a manne da juna wata 2 kenan, basa mata ciwo amma tana ramewa, ƙanin babanta da muke gida ɗaya ya daɗe yana tari.

Wannan tarin na baffanta shi yafi ɗaga min hankali. Tarin fuka yana kama kaluluwar wuya a yara ko da su basa tari, kuma maganin kemis baya taɓa shi. Ku je da ita da shi duka a gwada, har sauran yaran gidan ma a duba su, ki tafi da katin rigakafinta. Gwajin majina da maganin kyauta ne a asibitocin gwamnati, yawanci ana sha wata 6, kuma ko kullutun ya sauka a wata na biyu kar a ajiye sai likita yace.