Kafin ka nemi digirin haɗin gwiwa, ka san abin da za a rubuta a takardarka

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka ga tallan wani digiri na biyu da jami'o'i uku a ƙasashe uku suka haɗu suke bayarwa, zango ɗaya nan, zango ɗaya can, kana son sanin ko abin na gaskiya ne, kuma ko ya fi digirin jami'a guda. Madalla da ka yi tambaya tun kuɗinka yana aljihunka. Na daɗe ina aiki a ofishin hulɗa da ƙasashen waje na wata jami'a a nan Turai, kuma ƙulla irin waɗannan shirye-shirye yana cikin aikina na kullum, saboda haka abin da idona ya gani zan faɗa maka.

Suna ɗaya ake kira, amma abubuwa uku ne. Akwai wanda in ka gama za a ba ka takarda guda ɗauke da sunaye da hatimin duka jami'o'in. Wannan ne digirin haɗin gwiwa na ainihi. Akwai wanda kowace jami'a za ta ba ka tata takardar daban, ka fita da biyu ko uku a kan karatu ɗaya. Sai kuma wanda musayar ɗalibai ce kawai: ka je ka yi zango a wata jami'a ka dawo, takardarka kuwa ta jami'ar da ta ɗauke ka ce ita kaɗai, sunan waccan ko kusa ba zai fito ba. Babu na banza a cikinsu. Abin da ke ɓata mini rai shi ne a jera tambarin jami'o'i uku a saman talla, yaro ya ɗauka na farkon ne, sai ranar karɓar takarda ya gane na ukun aka sayar masa.

Ka lura da wannan sosai. Shugabannin jami'o'i biyu kan zauna su sa hannu a takardar fahimtar juna, a yi musafaha, a ɗauki hoto, a buga labari. Wannan takarda niyya kawai take nunawa, kuma na ga irinta da yawa sun tsufa a cikin fayil ba a taɓa ɗaukar ɗalibi ko ɗaya a kansu ba. Wadda ke riƙe da ɗalibi ita ce cikakkiyar yarjejeniyar da ke biyo baya, wadda ke fayyace wa zai tantance masu nema, wa zai karɓi kuɗin makaranta, dokar jarrabawar wa za a bi, ina ɗalibi zai kai ƙara in an kayar da shi, kuma wa zai buga takardar. Kafin a kai ga wannan sai majalisar malamai ta kowace jami'a ta amince, lauyoyinsu sun duba, hukumar tabbatar da ingancin karatu ta sa albarka. Shekara biyu ko uku a kan wannan ba abin mamaki ba ne.

Kada ka ɗauka lalaci ne ke jawo jinkirin. Ɗauki maki kawai. A Jamus 1.0 ne mafi kyau, 4.0 ne ƙarshen cin jarrabawa, wato lamba tana girma sakamako yana lalacewa. A Faransa a kan 20 ake auna ɗalibi, 10 ya ci. A Italiya 30 ne ƙololuwa, 18 ya ci. To ɗalibin da ya zagaya ƙasashen nan uku, da wane ma'auni za a haɗa masa sakamako? Na taɓa zaman da malamai suka kwashe yini guda a kan wannan jadawalin kaɗai. Ga kalanda: a Suwidin ana fara karatu ƙarshen Agusta, a Jamus sai Oktoba. Ga kuɗi: yawancin jami'o'in gwamnati a Jamus ba sa karɓar kuɗin makaranta, Suwidin kuwa tun 2011 take karɓa daga ɗaliban da ba 'yan Turai ba. Akwai wani rukunin ɗalibanmu da suka gama karatu lafiya, amma takardarsu ta yi fiye da shekara ba ta fito ba, domin sai a lokacin ɗaya daga cikin jami'o'in ta gano dokar ƙasarta tana da sharaɗi a kan yadda ake tsara takardar digiri. Ɗaya daga cikinsu aiki ya kuɓuce masa saboda haka. Har yau abin yana ci mini rai.

Abin da ya sa ma ake iya yi shi ne shimfiɗar da aka yi tun 1999, lokacin da ministocin ilimi na ƙasashen Turai 29 suka sa hannu a birnin Bolonya na Italiya cewa za su daidaita tsarin digirinsu. Ma'aunin da suke amfani da shi, ECTS, yana lissafa shekarar karatu a matsayin maki 60 na yawan karatun da aka yi, ba na jarrabawa ba, ta yadda abin da ka karanta a Sifen zai ƙirgu a Holan. A 2015 kuma, a Yerevan ta Armeniya, suka amince a riƙa tantance shirin haɗin gwiwa sau ɗaya maimakon kowace ƙasa ta yi nata, ko da yake ba kowace ƙasa ce ta gama gyara dokokinta ba.

In tallan da ka gani na Erasmus Mundus ne, hankalina zai fi kwanciya. Shiri ne na tallafa wa irin wannan digiri da ɗalibansa, Tarayyar Turai ce ta fara shi a 2004, kuma sharaɗinsa shi ne aƙalla jami'o'i uku daga ƙasashe uku, ɗalibi kuma ya yi karatu a ƙasashe biyu ko fiye. Wanda ya samu tallafin ba ya biyan kuɗin makaranta, ana kuma ba shi yuro 1,400 duk wata, har zuwa wata 24. Jerin shirye-shiryen yana shafin Tarayyar a intanet, ana nema kai tsaye ba ta hannun dillali ba, galibi tsakanin Oktoba da Janairu. In sun ambaci sunan Erasmus Mundus amma ba ka same su a jerin ba, janye jikinka.

Akwai wahalar da talla ba ya nunawa. Kana fara sanin gari, kana fara sabawa da malamai, sai a ce tattara kayanka. Neman ɗaki na wata biyar ya fi neman na shekara wuya. Batun biza da sauƙi-sauƙi: wata dokar Tarayyar ta 2016 ta ba ɗalibin irin wannan shiri damar zama a ƙasa ta biyu har kwana 360 da izinin zaman ƙasar farko, amma Denmak da Ayalan ba sa ciki, Ingila kuwa bizarta daban. A ganina, in burinka aiki da ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa ne, ko fannin naka kowace jami'a tana da ɓangaren da ta fi ƙwarewa, wannan yawo riba ne babba. In kuwa bincike kake so na ɗakin gwaje-gwaje a ƙarƙashin malami guda har zuwa digirin digirgir, ko kana son koyon harshen ƙasa ɗaya ka nemi aiki a can, zama wuri ɗaya ya fi maka.

Kada ka yi cinikin biri a sama. Rubuta wa mai kula da shirin, ka ce ya turo maka samfurin takardar da ɗaliban bara suka karɓa, da yarjejeniyar da ɗalibi ke sa wa hannu, ka kuma tambaye shi wata nawa takardar ke ɗauka kafin ta fito. Shirin kirki ba ya jin nauyin waɗannan tambayoyi. Sannan ka nuna samfurin ga hukumar da ke tantance takardun waje a ƙasar da kake son yin aiki, domin wasu ma'aikatu takarda mai hatimi uku tana rikita su. Duk abin da suka turo, ka aiko mini mu karanta tare, amma ka hanzarta, don takardun shaida daga malamanka su ne ke cin lokaci, kuma Janairu ba nisa.