Amsar gwaggo kan girkin farko na amarya

Ƴata na ga saƙonki tun jiya, sabis ne ya hana ni amsawa. Kin ce saura sati biyu a kai ki Gadarif ta nan Sudan, kuma abin da ke hana ki barci shi ne ranar da za ki fara ɗora tukunya a gidan miji, wai ƙawayenki sun ce in tuwon farko ya yi gudaji ko ya kama to auren ba zai yi ƙarko ba, shi ne kike tambaya ko al'adarmu ce.

Wannan camfi ne, ba al'ada ba. Manzon Allah (SAW) ya hana camfi, abin da yake so shi ne kyakkyawan fata da kalma mai daɗi, to ki bar faɗa wa zuciyarki za ki ji kunya tun ba ki hura wuta ba. Al'adar da muka gada dai ita ce budurwa ba ta girki sai ta kwana bakwai, bazawara kwana uku, dangin miji ne ke kawo mata abinci. Kuma ba don ki kwanta kina latsa waya aka ba ki kwanakin nan ba wallahi. Duk kwanon da ya shigo ɗakinki ki ɗanɗana da hankali, gishirinsu ya yake, suna son yaji ko ba sa so, tuwonsu mai tauri ne ko mai laushi irin asidar maƙwabtanmu Larabawa. Kafin bakwai ta cika kin san bakin gidan ba tare da kin tambayi kowa ba.

Tsoron kuma ban ga laifinsa ba, wadda ba ta jin komai a ranar ita ce ke zuba gishiri sau biyu. Ki dai ba shi aiki. Ki shiga madafar innarki daga gobe ki karɓi muciya, kuma kan gawayi, don tun da yaƙin nan ya ɓarke a 2023 gas ya zama sai wane da wane, kar ki je can ki tarar da kanun, murhun gawayin nan, ki tsaya kallonsa.

Ranar kuma dan Allah kar ki ce za ki burge su da kisra, siririyar wainar dawar nan. Kisra sai hannun da ya saba, ƙullun sai ya kwana ya yi tsami daidai, saj ɗin, wato farantin ƙarfen da ake gasa ta a kai, sai zafinsa ya daidaita, in kika ja gargariba, abin shimfiɗa ƙullun, hannu na rawa yagewa za ta yi gaban mutane. Ki yi tuwon dawa miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, wekar nan dai da kika tashi kina ci. Ruwa ya tafasa sosai tukuna, ki dama gari a ruwan sanyi ki zuba talge kina juyawa, ki sa ƴar kanwa, ki bar shi ya nuna har ƙamshin ɗanyen gari ya tafi, yawancin ƴan yanzu nan suke gaggawa shi ya sa tuwonsu ke kwana ya saki ruwa. Sannan ki riƙa barbaɗa gari kaɗan kaɗan kina tuƙawa kina danne shi a jikin tukunya, ki rage wuta ki rufe ya sulala. Kukar ma sai kin janye garwashi za ki kaɗa, da maburgi a hannu ɗaya kuka a ɗaya. Gadarif garin dawa ne da riɗi, gari mai kyau ba zai miki wuya ba.

Kakanninmu mata da suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi a 1903 har suka sauka bakin kogin Blue Nile, a kan duwatsu uku suka riƙa tuƙa tuwo a hanya, ga goyo ga fargaba, ke kuwa ga inuwa ga ruwa a randa.

In kin kwashe ki yi bismilla ki fara kai wa uwar mijinki malmala mai kyau, ki durƙusa ki ajiye, in ta ce gishiri bai ji ba ki ce to Inna gobe zan gyara, kar ki koma ɗaki kina kuka. Daddawa da yajin da za ki tafi da su ni zan daka miki, ki ce wa innarki kar ta saya a kasuwa. Ki gaishe min da babanki.